Ranar da Na Wanke Fistin da Yashi

Kwanakin baya jikata ta matsa mini sai na raka ta makarantarsu, wai an gayyaci iyaye su zo ganin sabon ajin kwamfuta. Na ce mata ni da ban iya latsa wayata ba sai an taya ni, me zan gano a can? Ta ce ai ba ganowa za ni yi ba, zama kawai za ni yi a ga tana da tsoho. Na sa babbar riga na bi ta. Makarantar ita ce wadda na yi a nan Sabon Birni, amma rabona da shiga cikinta har na manta. Muna isa ƙofar ajin na tsaya cak, domin ɗakin da suke kira ajin kwamfuta shi ne ɗakinmu na koyon gyaran mota. An shafe shi da farin fenti, an cike ramin da muke shiga mu leƙa ƙarƙashin mota, an shimfiɗa tayil a kai. Wani malami matashi yana tsaye a bakin ƙofa yana roƙon baƙi su cire takalma, wai yashi yana lalata na'urorin. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, har jikata ta zungure ni ta ce, "Tsoho, mi kake yi ma dariya? Kada ka kunyata ni." Na ce mata ta bari sai mun koma gida, labarin yana da tsawo.

A zamaninmu mota ba abin banza ba ce a wannan yanki. Daga ƙauyenmu Kamarawa, in ka ji ƙugin mota daga nesa to ka san ranar kasuwa ce, yara su bar abin da suke yi su ruga bakin hanya. Yau babura sun fi awaki yawa, yaro bai gama mallakar hankalinsa ba yana kabu-kabu tsakanin Isa da Sabon Birni, ba wanda yake ɗaga kai ya dube shi. Sautin da na tashi da shi kuwa lugude ne da kukan jakai da ƙarar guga a rijiya, sai muryar Inna tana kirana in ɗebo mata toka. Inna mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Duk safiya sai ta fito da tasoshinta da kwanoninta bakin rijiya, ta haɗa toka da lallausan yashin gulbi, ta dirje su ɗaya bayan ɗaya har ka ga fuskarka a ciki. Ni ne ɗan aikinta, don ba ta sami 'ya mace da wuri ba. A wurinta na koyi cewa duk ƙarfen da bai yi ƙyalli ba ba a wanke shi ba, kuma in an ba ka aron abu, ka mayar da shi ya fi yadda ka karɓe shi haske.

Da na shiga sakandare, shekara biyu na yi ina haddace abubuwan da ban taɓa gani da idona ba. A shekara ta uku aka kawo mana malamin gyaran mota, wani dattijo gajere mai furfura a gemu, wanda ya daɗe yana aiki da manyan motocin gyaran hanya kafin ya dawo koyarwa. Mun sa masa suna Malam Sannu, saboda ba ya buɗe baki sau uku bai ce sannu ba ta hana zuwa ba. Mu 'ya'yan manoma ne, ƙarfi ya yi mana yawa, in aka ba ɗayanmu sifana ya ɗaure noti sai ya murɗa har ƙarfen ya tsinke. Malam Sannu ya kama hannun mutum ya ce, "Wanga ba turken jaki ba na. Ƙarhi na gona na, nan hankali a ka so." Yana da wata sanda da yake kafa bakinta a jikin injin, ya sa ɗaya bakin a kunne ya lumshe ido, sannan ya gaya maka abin da ke damun motar. Mun ɗauka tsafi ne, sai da ya ba kowa sandar ya saurara.

Abin koyarwarmu wata tsohuwar a-kori-kura ce da ta shekara da shekaru a mace bayan ofishin shugaban makaranta, kaji suna ƙwai a mazaunin direba. Aka turo ta ɗakin da ƙyar, aka sa mata suna Gwaggo. Malam ya ce kafin zangon ya ƙare za mu warware injinta gaba ɗaya, mu wanke, mu mayar, ta tashi. Ɗakin yana da dokoki. Ba a shiga da takalmi. Kowace safiya sai an yayyafa ruwa an share. Duk ƙarfen da aka ciro a kan tabarma ake jera shi bi da bi, a rufe da tsohon zane. Ni ban sami makon farko na zangon ba, Baba ya riƙe ni muna gyaran rumbu, don haka ban ji bayanin dalilin dokokin ba. Da na zo na tarar ana cire takalma, sai na ɗauka girmamawa ce irin ta masallaci, na cire nawa na shiga da sallama.

Riƙe ni da Baba ya yi ba na rumbu kaɗai ba ne. Yayana ya tafi cirani bai dawo ba, ƙannena ƙanana ne, Baba kuma ciwon baya ya fara damunsa. Ana gobe za ni koma makaranta ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Shekara biyu kana bokon ga, ban ga abin da za ni iya taɓawa da hannu ba. Damana na tahe, ni kaɗai ba ni iyawa." Maimakon in yi shiru, sai bakina ya ja mini. Na riga na ji labarin Gwaggo wurin wani abokina, sai na ce ai bana matacciyar mota za mu tayar da hannunmu. Baba ya dube ni. Ya ce, "To, gani ya kori ji. Za ni zo kasuwa sayen bakin sungumi kahin ruwa shi sauka. In nig ga motar ta tashi, ka ci gaba da karatunka. In ba ta tashi ba, ka ɗauko akwatinka mu komo tare." Baba ba ya magana biyu. Ni kuwa ina son makarantar nan kamar raina, musamman da na fara jin warin baƙin mai a hannuna na ga akwai abin da na iya.

Haka muka yi ta warware Gwaggo, makonni suna wucewa, zafin bazara yana ƙaruwa. Injin yana da fistin huɗu, wato ƙarafan da ke hawa da sauka a cikinsa, kowanne kamar girman gwangwanin madara, da tsagogi a jikinsa inda ake sa zobba. Malam ya zaɓi mutum huɗu ya ba kowa ɗaya ya wanke, ni aka ba na uku. Ya ce kananzir da tsumma mai laushi, shi ke nan. Na zauna na goga, na goga, baƙin ya fita amma ƙarfen ya tsaya dishi-dishi. Raina bai kwanta ba. Na ce a zuciyata, wannan in Inna ta gani ai sai ta ce in sake. Da aka tashi cin abincin rana na sa shi a aljihu na zagaya bayan ɗakin girki, inda masu dafa mana abinci suke wanke tukwane. Na ɗebi toka, na ɗebi yashi mai laushi, na tsuguna na dirje shi yadda aka koya mini tun ina ƙarami, na ɗauraye da ruwa sama-sama saboda an kusa kaɗa ƙararrawa. Wallahi ya yi kyau. Na ɗaga shi a rana yana ɗaukar ido, na ji kamar in ruga Kamarawa in nuna.

Washegari, ranar da za a mayar da fistin ɗin cikin injin, aka yi wa Malam rasuwa a Isa ya tafi gaisuwa. Ya bar aikin a hannun shugaban ajinmu, wani dogon yaro ɗan Tsamaye da ya riga mu iyawa don kawunsa bakanike ne. Kafin a sa kowane fistin sai an tsoma shi a mai, don haka ƙyallin nawa ya ɓace ba wanda ya lura, har na ji haushi an ɓata mini ado. Muka sa su, muka juya injin da hannu sau da yawa don mu ga yana tafiya daidai, muka rufe. Da Malam ya dawo ya duba ɗaurin, ya yaba mana, aka ci gaba da haɗa sauran. Saura kwana biyu kasuwa ya ce gobe za a sa batir, jibi Gwaggo za ta yi magana. Na aika wa Baba saƙo ta bakin wani mai kai gishiri cewa ya zo da shirin mamaki.

A ranar ne, wajen hantsi, wata 'yar guguwa ta taso ta banko tagar ɗakin ta watsa yashi a kan tabarmi. Malam ya yi tsalle kamar wanda kunama ta harba, ya ce a rufe komai. Da ta lafa, sai ya ga wasu yara suna dariyar yadda ya firgita. Ya ce mu matso. Ya ɗauko ɓallin gilashi biyu, ya ɗiga mai a tsakaninsu, ya goga, suka zame sumul. Sannan ya ɗauki yashi ɗan abin da yatsa biyu za su kama, ya barbaɗa, ya sake gogawa. Muka ji ƙarar tana cin haƙori. Ya goge ya ɗaga mana, gilashin duk ya kakkarce. Ya ce, "Kun gani? Don wanga nic ce ku bar takalmanku waje. In yashi yash shiga inji, mai ka ɗaukar shi shi kai shi ko'ina. Motar za ta tashi lahiya lau, ku yi ta murna, shi ko shina ciki shina cinta har ta mutu, ba wanda za shi san mahwari."

Ban taɓa jin sanyi a tsakiyar bazara irin na wannan lokaci ba. Na tuna tsagogin nan na jikin fistin, da ramin da ke tsakiyarsa, da ɗaurayar da na yi a gurguje. Aka tashi cin abinci na kasa kai loma baki. Lissafin a fili yake, ko jaki zai iya shi. In na yi shiru, jibi Gwaggo za ta tashi, Baba ya gani, in zauna a makaranta, in ta mutu bayan wata biyar a ce tsufa ne. In na faɗa, sai an sake warware injin, Baba ya zo ya tarar da tarkace a tabarma, ni kuma in ɗauki akwati. Ba zan yi wa kaina ƙarya da tsufana ba, na yanke shawarar yin shiru, har na tashi na wanke hannu a kan haka. Abin da ya karya ni shi ne da na koma ɗakin na tarar da Malam shi kaɗai a durƙushe, da furfurarsa, yana bin tabarmi da ɗanyen tsumma yana tsince yashin guguwar nan. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Malam, ina da magana." Ban ɓoye komai ba, har tokar na faɗa.

Na jira mari, bai zo ba. Ya zauna a ƙasa ya dube ni ya ce, "Da yashi? Awa tukunya?" Na ce e. Ya ce, "Wa yak koya maka?" Na ce Inna. Sai ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa. Da ya nutsu ya ce, "Kaico, garin neman gira za mu rasa ido. Ka san jibi ba ta tashi ke nan?" Na ce na sani, na kuma gaya masa sharaɗin Baba. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Kuma dud da haka kaz zo?" Na ce e. Ya ce in je in kira sauran. Ɗan Tsamaye ya so ya cinye ni ɗanye, aikin wata biyu ya koma baya saboda ɗan Inna. Da aka zaro fistin na uku Malam ya bi tsagogin da babban yatsansa, ya miƙo mini yatsan, ga ƙwayoyin yashi a cikin man. Tun daga ranar sunana a makaranta ya koma Mai Toka, har yau akwai tsofaffi biyu a garin nan da ba su san ni da wani suna ba.

Ranar kasuwa Baba ya iso bayan azahar, da sabon bakin sungumi a rataye a kafaɗa. Na riga na ɗaure akwatina na ajiye a gindin bishiyar dogon yaro. Ya zo ƙofar ɗakin ya ga takalma a jere, ya cire nasa, ya yi sallama. Ga Gwaggo baki a buɗe, ga kayan cikinta a tabarmi. Suka gaisa da Malam gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da zafi da jiran ruwa. Sannan Baba ya ce, "Malam, ita ta wagga da an ka ce za ta tashi?" Malam ya ce, "Ita ta. Da yanzu tana gudu. Amma ɗanka shi za shi gaya maka abin da yah hana." Na faɗa a gaban kowa, kaina a ƙasa. Baba ya ce a ba shi ƙarfen ya gani. An wanke shi, ƙyallin ya dawo. Ya juya shi a hannu ya ce, "Aikin uwakka na wanga, ko a kasuwa nig gane shi." Yara suka fashe da dariya. Ya juya wurin Malam ya ce, "In da bai hwaɗi ba, da kun gane?" Malam ya ce, "Da ba mu gane ba, sai bayan ta mutu." Baba ya ce, "Kuma ya san in ba ta tashi ba gida za shi?" Malam ya ce, "Ya sani."

Baba ya ajiye fistin ɗin a tabarma. Sannan ya gyara zaman sunguminsa ya ce, "Ni manomi na, Malam, ban san mota ba. Amma na san wanda yag ga gara cikin rumbu yat tona, ko da shi yab bar ƙohwa buɗe, shi a ka ba ajiyar hatsi. Ku riƙe shi." Ya fita yana neman takalmansa. Na bi shi a baya ina cewa, Baba, gonar fa? Bai waiwayo ba ya ce, "Gonar ta riga ka zuwa duniya. Ɗauke akwatin ga daga rana." Kwana huɗu bayan haka ruwan shuka ya sauka. Baba ya yi shukar nan da ciwon bayansa, shi da Inna da ƙannena, ni ina ɗaki mai rufin kwano ina wanke ƙarafa da kananzir. Wannan abu bai taɓa barin zuciyata ba, kuma ban taɓa jin na gama biyansa ba.

Malam ya samo wani fistin a wurin abokinsa a tasha, muka sake wanke injin lungu-lungu, muka haɗa. Da aka murɗa makulli Gwaggo ta yi tari sau biyu, ta yi aman baƙin hayaƙi, sannan ta kama. Ihun da muka yi har masu girki suka fito da muciya a hannu. Da aka yi hutu Malam da kansa ya tuƙa ta ya kai ni Kamarawa, yara suna bin mu a guje, gero ya kai gwiwa. Baba ya zagaya ta sau ɗaya ya taɓa ta da tafin hannu. Inna kuwa daga bayan danga ta leƙo ta aiko a gaya wa Malam motarsa tana bukatar wanki. Fistin ɗin da na ɓata Malam ya ba ni, ya ce in ajiye don kada in manta. Na nuna wa Inna, ta karɓa ta ce wannan kam an wanke shi, ta shige da shi ɗaki. Ban sake tambayarsa ba.

Da wannan sana'a na yi aure, na aurar, na kai Baba asibiti a motata lokacin da ciwon bayan ya kayar da shi. Yaran garejina na yanzu ba su san sandar saurare ba, abu kaɗan su ce a canza, a jefar da tsohon a sayo sabo a leda. Ba na zaginsu, zamaninsu ne, kuma sun san abubuwan da ban sani ba. Amma har gobe ba a shiga inda nake buɗe inji da takalmi, suna ganin rigimar tsufa ce.

Bayan rasuwar Inna, mata suna sauke jerenta don a raba, sai ƙanwata ta fito da wani abu a hannu tana tambayar mene ne wannan a tsakiyar tasoshi. Fistin na uku ne. Ashe shekarun nan duka yana cikin jere, duk safiyar da ta fito da kayanta bakin rijiya da shi take fitowa. Ta goge shi har lambar da aka buga a kansa ta shafe, gefunansa suka yi sumul. Na karɓa na koma gefe, don ban so a ga idona. Sai na ga hannuna da kansa yana bin tsagogin da babban yatsa, yadda Malam Sannu ya yi a ranar nan. Na bi su duka uku, na leƙa ramin tsakiya, ban sami ƙwayar yashi ko ɗaya ba. Inna ta fi ni iya ɗauraya.